Ruwa ya shiga kebul ɗin eriyata, ko sabuwa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya da POS a wani ƙauye kusa da Ringim. Sabis ba ya shigowa shagon, shi ne na kafa dogon ƙarfe na ɗaura eriya, na jawo kebul zuwa rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. Da rani lafiya lau, amma tun da damina ta zauna intanet ɗin ya ƙi tafiya. Na naɗe bakin kebul ɗin da leda da baƙin salatif, bai yi magani ba. In sayi sabuwar eriya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Dakata da sayen eriya tukuna, Malam, don galibi ba ita ke lalacewa ba. Ka fara duba mahaɗin da ke can sama, inda kebul ya ɗauru da eriya.

Irin wannan kebul yana da jan ƙarfe guda a tsakiya, farar roba ta lulluɓe shi, sannan saƙar siraran wayoyi, sai baƙar riga a waje. Da zarar ruwa ya sami ƙofa a mahaɗi, saƙar nan za ta ja shi ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya yi nisa ƙwarai. Wayoyin su yi kore ko baƙi, sigina ta riƙa narkewa a hanya kafin ta iso rawuta. Ledar da ka sa ba ta taimaka ba. Gumi take tarawa a ciki, zafin bazara kuma ya riga ya busar da ɗankon salatif ɗin kafin ruwan Yuni ya sauka.

Sauko da ƙarfen ƙasa, ka kwance mahaɗin. Ka riƙa yanke kebul ɗin kaɗan-kaɗan har ka tarar da saƙa mai ƙyalli, a nan za a sa sabon kan mahaɗi. Idan ka yi ta yanka baƙin bai ƙare ba, kebul ya tashi aiki. Wajen sayen wani, ka nemi mai lamba 50 om irin LMR-400 (om ma'auni ne da ke nuna na'urar da kebul ya dace da ita). RG6 na dish 75 om ne, ba na eriyar rawuta ba.

Naɗin shi ne muhimmin aiki. Ka ɗaure mahaɗin sosai yana a bushe. Ka nemi tef ɗin roba mai manne wa kansa, irin Scotch 23, a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano. Jan sa ake yi yana miƙewa ana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, ka faro daga kan kebul ta ƙasa ka haura sama har ka rufe mahaɗin duka, domin ruwan da ke gangarowa ya wuce ta bayan naɗin. Rana tana cin wannan roba, saboda haka ka bi shi da salatif mai kyau kamar Super 33+ ninki biyu. Kada ka yarda a shafa maka silikon mai warin tsami. Asid ɗin cikinsa yana cin ƙarfe.

Inda kebul zai shiga shago, ka bar shi ya sauko ƙasa da hujin sannan ya ɗago, ruwa ya ɗige a waje.

Don Allah kada a taɓa ƙarfen nan idan hadari ya taso, kuma a duba babu wayar wuta kusa kafin a kwantar da shi. Ƙarfe mai tsayi a fili yana buƙatar wayar da za ta kai tsawa cikin ƙasa. Ka kira mai aikin lantarki ya haɗa maka ita ranar da za ku mayar da eriyar sama.