Taurari shida, wuyan hannu na zugi: laifina ne ko na mai taswira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina buga osu!mania mai layi huɗu a laftof, wasan kiɗan nan da ɗigogi ke saukowa kana danna madannai daidai da sauti, kuma taswirori (wato tsarin ɗigogin da ake haɗa wa waƙa) masu taurari uku a ma'aunin wuya ina gama su lafiya lau. Sai wani a zaurenmu na WhatsApp ya turo min wasu masu taurari biyar da shida, ya ce abokinsa ne ya haɗa, wai duk wanda bai buga irinsu ba wasan yara yake yi. Mako uku ke nan ina fama. Ɗigogin ba sa saukowa daidai da abin da kunnena ke ji, yanzu kuma wuyan hannuna na dama yana zugi har cikin dare, yatsu biyu suna mutuwa. Wanda ya turo min ya ce in daure, haka kowa ya fara. Ni ne ban iya ba, ko taswirorin ne? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ga taswira, ɗauke hannunka daga madannai yau ɗin nan. Zugin da ke bin mutum har shimfiɗa, ga yatsu na mutuwa, ba abin daurewa ba ne. Ka huta, idan kwanaki suka wuce bai lafa ba ka je asibiti likita ya duba. Wanda ya ce ka daure ba shi zai riƙe maka biro ranar jarrabawa ba.

Sannan ka kwantar da hankalinka, alamu sun nuna ba kai ba ne. Tunda taswirorin da ka saba bugawa suna tafiya daidai da kunnenka, na'urarka lafiya take. Kada ka taɓa ofset na wasan gaba ɗaya, wato saitin da ke daidaita lokacin sauti da ɗigogi, don gyara taswira guda, za ka karkatar da sauran ne a banza. Sai fa in ka koma amfani da iyafis na Bluetooth kwanan nan, shi kam yana jinkirta sauti, ka koma mai waya.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kuma kusan kullum sai na gamu da shi: wai yawan taurari shi ne kyan taswira. Ƙarya ce. Taurarin nan ba mutum ne ya saurari waƙa ya ba da su ba. Lissafi ne kwamfuta ke yi, tana duba cunkoson ɗigogi da yadda suke gajiyar da yatsu. Ba ta jin kiɗa. Yau in ka ɗauki waƙa mai sanyi ka cusa mata ɗigogi kamar an watsa gero, taurarinta za su haura shida, alhali ba ka yi aikin komai ba. Wannan shi ne abin da masu koyon haɗa taswira suke yi don a ce sun iya, sai su turo wa irinku.

Aikin mai taswira irin na mai rubuta abin da ya ji ne. Kowane ɗigo ya kamata a ce ga sautin da ya haife shi: ga bugun ganga, ga fiyano, ga inda mawaƙi ya ja murya har aka sa ɗigo mai tsawo. In kiɗa ya hau, ɗigogi su bi shi. In ya lafa, hannu ya samu numfashi. Ƙa'idojin osu! kansu, wasan da osu!mania ke cikinsa, sun nemi ɗigo ya dace da sautin da ke cikin waƙar. Na san akwai gwanayen da ke ƙara ɗigogi da gangan don su bi karkarwar murya ko jan gita, kuma wasu ayyukansu na burge ni, amma su sun san dokar kafin su lanƙwasa ta, kuma suna raba nauyi tsakanin hannaye biyu. Abokin abokinka fa? Ina kyautata zaton in ka duba za ka tarar ya jibga ɗigogi a layi ɗaya ko biyu na dama. Yi lissafi: waƙa mai bugu 200 a minti, in aka raba kowane bugu huɗu, tazarar ɗigo da ɗigo milisakan 75 ce. A jera su a layi ɗaya, an ce wa yatsa guda ya danna sau 13 a daƙiƙa ke nan. Wata takwas da fara wasa, ina jijiyarka za ta ɗauki wannan? Shi ya sa hannun dama kaɗai ke ciwo.

Ga kuma saitin lokaci, wanda shi ne tushe. A OD 8 (OD shi ne saitin da ke nuna yadda taswira ta tsananta wajen dacewa da lokaci), kuskuren milisakan 40 kaɗai aka yafe maka kafin ka rasa maki 300 da ake ba wanda ya danna ɗigo a kan lokaci. In mai taswira ya kauce da milisakan 30 tun daga farko, ya cinye maka kusan duk rabonka, sai ka daina bin kunne ka koma bin ido, ka ɗaure tsokar hannu kana jiran ɗigo. Mako uku a haka yana lalata abin da ka gina a wata takwas.

Ba sai ka yarda da ni ba. Buɗe taswirar a wurin gyara, rage gudun waƙar zuwa kashi 25, ka saurara. Duk ɗigon da ya sauko babu sauti a ƙarƙashinsa, ka ƙirga. In waƙar Hausa ce ya yi wa, duba abu biyu. Da yawa daga kiɗanmu uku-uku yake tafiya, sai yaro ya tilasta shi cikin rabon huɗu, komai ya karkace. In kuma tsohon faifai ne na makaɗan kalangu, hannun mutum ba inji ba ne, gudun yana hawa yana sauka, sai an bi shi da jan layi bayan jan layi, wato jajayen alamomin da mai taswira ke sawa don saita gudun waƙa. Jan layi ɗaya tal a farkon irin wannan waƙa shaida ce cewa ba a saurare ta ba.

Tun 2007 da Dean Herbert ya fito da osu!, 'yan wasa ne ke haɗa taswirori, shi ya sa aka yi matakan tacewa. Kafin taswira ta shiga Ranked, rukunin waɗanda aka tantance, sai masu tantancewa biyu sun amince, sannan ta yi aƙalla kwana 7 a matakin jira da ake kira Qualified, inda kowa na iya kawo ƙorafi. Tsarin na da jan ƙafa, kuma na ga ayyuka masu kyau sun faɗa Graveyard, rukunin taswirorin da aka yi watsi da su, bayan mako huɗu ba a taɓa su ba, don kawai mai su ya gaji da neman wanda zai duba masa. Duk da haka, a matakinka ka tsaya a Ranked. Rukunin da ake kira Loved kuwa zaɓin jama'a ne, akwai masu tsananin wuya a ciki, ka bar su tukuna.

In hannu ya warke, koma taurari uku, ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan sai makinka ya zauna sama da kashi 95. Shi kuma mai taswirar, ka aika masa daƙiƙun da ka ƙirga ɗigogi marasa sauti, ka ce ya buɗe ya saurara da kansa.