Abin da ya sa ba ma aiko da tiramadol daga Ingila

Yaya, na ji saƙonka, na kuma gane gugar zanar da ke ciki: wai magani birjik yake a Ingila, amma ko kwalin tiramadol ɗaya mun kasa aiko wa yaronka mai sikila. Ba kai kaɗai ke yi mana wannan kallon ba, shi ya sa na ga gara in amsa a fili. Wallahi ba rowa ba ce.

A nan, irin waɗannan magunguna da sunan mutum ake ɗaure su. Dokar da ke kula da su ta 1971 ce, kuma kullum ƙara matse ta ake yi. An saka tiramadol cikinta a 2014, pregabalin da gabapentin, magungunan ciwon jijiya, suka biyo baya a 2019. Takardar da likita ya rubuta kwana 28 take yi ta mutu, ba a kuma son ya wuce maganin kwana 30. Dole ya rubuta adadin ƙwayoyin da lamba da kuma kalmomi, in ya kuskure mai kemis na iya mayar da kai. In mofin ka zo karɓa, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, ana iya cewa ka nuna katin shaida. Wanda kuwa ya ɗebi nasa ya ba wani, ko da ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, a idon hukuma dillalin ƙwaya ne, kuma hukuncin tiramadol na iya kaiwa shekara 14.

Turawan suna da dalilinsu. A nan kusa da mu, garin Hyde da ke gefen Manchesta, aka yi likita Harold Shipman, wanda kotu ta kama a shekarar 2000 da laifin kashe marasa lafiya 15 da allurar diamorphine (dangin mofin), bincike ya nuna daga baya sun haura 200. Tun daga nan aka sa ido a kan alƙalamin kowane likita. Sannan a 2021 hukumar NICE, mai shimfiɗa wa likitoci ƙa'ida, ta ce kada a fara ba da dangin mofin ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano musabbabinsa ba. Shi ya sa dattijuwa za ta je da ciwon baya na shekaru, ta dawo da takardar zuwa gashin ƙashi da shawarar motsa jiki, tana ta mita.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne masu sikila. A rubuce, duk wanda ciwonsa ya tashi ya zo sashen gaggawa, a ba shi maganin zafi cikin minti 30. A aikace, saurayi baƙar fata ya shigo ƙarfe biyun dare yana murƙususu, ya faɗi sunan allurar da ke masa aiki har da awonta, sai ka ga an fara yi masa kallon ɗan ƙwaya. Sanin ciwonsa da ya yi shi ke jawo masa zargi. Wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar da rahoto a Nuwamban 2021 da ya tabbatar da wannan sakaci, ya kuma ambaci wariyar launin fata ƙarara. A ganina tsoron jaraba gaskiya ne, mu da muka ga abin da kodin ya yi wa matasan Kano kafin a hana shi a 2018 ba za mu musa ba, amma bai kamata mai sikila ya biya bashin da wani ya ci ba.

To, ka tambayi yadda mutanenmu ke yi. Mun koyi zama da likitan unguwa ɗaya da kemis ɗaya, domin mai yawan canje-canje shi ake fara zargi. Ana neman sabuwar takarda tun saura mako guda magani ya ƙare, amma ba a yin gaggawa da yawa, in ka nema da wuri ƙwarai za a tambaye ka ina na baya ya tafi. Iyaye mata masu yara 'yan sikila suna yawo da takardar tsarin jinya da likitan jini ya sa wa hannu, takardar a jaka, hotonta a waya. Ba kuma a barin mutum ya je asibiti shi kaɗai da dare. Ana tashin wanda bakinsa ke da kaifi da Turanci ya raka shi.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne halinmu na dauriya. Likita zai ce, daga 1 zuwa 10, zafin ya kai nawa? Bahaushe yana gumi, haƙoransa a datse, zai ce Alhamdulillahi, da sauƙi. Likita ya rubuta abin da ya ji, ya rage magani. Yanzu har gargaɗi muke yi wa tsofaffinmu a mota kafin mu shiga: Hajiya, ki gode wa Allah a zuci, amma in takwas ne ki ce takwas.

Ko mai maganin kansa in zai zo gida hutu ko zai tafi Umara, sai ya karɓi wasiƙar likita mai ɗauke da sunansa, ranakun tafiya da adadin ƙwayoyin, ya bar su cikin kwalinsu na asali a jakar hannu. Ya kuma binciki dokar ƙasar da jirgi zai yada zango. A 2017 Masar ta yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayar tiramadol kusan 300 da aka samu a akwatinta, ta ce na mutuminta ne mai ciwon baya.