Ga Ƙanena Mai Son Zuwa Tsinkar Inabi a Faransa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a watan nan da ya tambaye ni ko aikin gonar inabi zai biya masa haya idan ya zo karatu. Ba zai biya ba.

Kaka biyu na yi ina tsinkarsa a gonakin da ke kewaye da garin Béziers, a yankin Languedoc na kudancin Faransa. Irin da na fi shan wuyarsa sunansa Carignan. Baƙi ne wuluk, ga tsami ga bauri, in ka tauna ƙwaya ɗaya harshenka ya ɗaure. Ba don ci ake nomansa ba, giya ake yi da shi, a gauraya shi da wasu irin inabi, Grenache da Syrah, don ya ba su launi da tsami. Asalinsa daga Aragon ne a Sifaniya. Faransawa sun cika Aljeriya da shi, da suka baro ta a 1962 sai suka ƙara cika Languedoc da shi, daga baya Tarayyar Turai ta riƙa biyan manoma su tumɓuke shi. Ana samunsa a Sardiniya da Chile ma.

Tsofaffin kututturan da suka rage gajeru ne, ba a ɗaura su a waya ba, kuma marikin nonon inabin yana da tauri, inji ba ya iya kakkaɓe shi. Shi ya sa ake neman irinmu. Tun asuba kana durƙushe da almakashi da bokiti, hannunka ya rine kamar na marini. Mako biyu zuwa uku, a ƙarshen Satumba, aikin ya ƙare. Bizar ɗalibi ma awa 964 kawai ta yarda ka yi aiki a shekara. Wani ɗan kwangila ya cinye mini ladan kwana uku saboda ban sa hannu a takarda ba, har yau abin yana ci mini rai.

Wanda ya fi kuɗin zafi shi ne ranar da na ga inda tarakta take juye abin da na tsinka, na tuna hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya. Daren nan ban yi barci ba. Na bari, na koma wankin kwanuka har na gama digirina, yanzu ina aikin ban-ruwa da gumina. Ka tambayi malaminka tun kana gida.

Kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, ina za ka nemi bizar? Ka amsa mini wannan tukuna. Ka gaishe da Inna.