Tambaya da Amsa: Ɗana yana son sana'ar tsara kiɗa

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 yana busa ƙaho a badujalar makarantarsu, yanzu kuma ya kafe cewa tsara kiɗan kilasika da na jaz zai yi. Mu dai ba mu gaji roƙo ba. Shin ana cin abinci da wannan sana'a? Daga wani mahaifi a Agege, Legas.

Amsa: Alhaji, abin da yaron yake nufi ya sha bamban da roƙo, domin mai tsara kiɗa ba ya bin gidan biki yana yi wa mutane kirari. Aikinsa ya fi kama da na tela: ƙungiyar makaɗa ko masu shirya fim su ba shi aiki, ya zauna ya rubuta wa kowane kayan kiɗa rabonsa a takarda, a biya shi. A kilasika, abin da aka rubuta shi ake bugawa daidai, amma a jaz ana shimfiɗa ginshiƙin waƙar ne kawai, makaɗi ya ƙirƙiri sauran nan take. Haɗa biyun yana da wuya ƙwarai, shi ya sa ake yawan ambaton mai busa ƙaho kuma mai tsara kiɗa Wynton Marsalis, Ba'amurken da aka haifa a Niyu Olins a 1961. Ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Juilliard a Niyu Yok a 1979, ya goge a ƙungiyar makaɗin jaz Art Blakey, sannan a bikin karrama mawaƙa da makaɗa na Grammy na 1984 ya karɓi kyauta a ɓangarorin biyu a dare guda. A 1997 aikinsa kan tarihin bauta ya zama kiɗan jaz na farko da ya ci kyautar Pulitzer, wata babbar lambar yabo ta Amurka.

Mu ma a nan gida muna da namu, wato marigayi Fela Sowande, wanda ya taso a Legas, ya riƙa buga jaz a Landan yana kuma karatun kiɗan kilasika.

Sai dai gaskiya, kuɗin tsara kiɗa kaɗai ba ya riƙe gida a farkon tafiya; yawancinsu da koyarwa da buga kiɗa a taruka suke haɗawa. Shawarata ita ce kada ya ajiye boko. Ku kai shi cibiyar koyar da kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, malamai su saurari busarsa, su gwada ko yana iya karanta rubutun kiɗa, su kuma fara ɗora shi a kan fiyano, tunda da wuya a tsara kiɗa ba tare da ita ba.