Kafin Ka Ja Ɗakinka Zuwa Hamadar Ostareliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Adelaide. Ina son in ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu mu tafi Darwin a mota lokacin hutun Disamba, muna kwana a hanya. Na samu karaban na hannu, irin ɗakin tafi-da-gidanka da mota ke ja, nauyinsa tan biyu da rabi. Motata RAV4 ce. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Motarka ba za ta ja wannan ɗaki ba, don ko mafi ƙarfin sababbin irinta ba ta wuce jan kilo 1,500. Duba ɗan allon ƙarfen da ke jikin karaban ɗin za ka ga an rubuta ATM, wato iyakar nauyinsa bayan an loda ruwa da gas da abinci. Wannan adadi za ka gwada da abin da littafin motarka ya yarje maka. In ka wuce shi ka karya doka, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa kamfanin inshora na iya zame jikinsa. Ɗaki mai wannan nauyi aikin Hilux ne ko Ranger, masu jan kilo 3,500, kuma duk tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi damuna. Disamba can tsakiyar bazara ce, zafi a Coober Pedy da Alice Springs, garuruwan da ke kan hanyar, yakan haura digiri 40. Mutanen Coober Pedy ba don ado suka haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa ba. In ka tsira daga wannan, a arewa damina ce za ta tarbe ka, ruwa na shanye hanya. Ku jira hutun makaranta na Yuli. Tafiyar kusan kilomita 3,000 ce, mafi yawanta a kan titin Stuart, ga gidajen mai nesa da juna: daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 ne babu famfo ko ɗaya, mota mai jan kaya kuwa shan mai take kamar rairayi.

Shawarata, ku yi hayar motar kwana ta sati biyu. In kuka dawo uwargida ba ta rantse ba za ta sake ba, sai a yi zancen saye.

Tambaya: Da gaske ne mutum na iya yada zango ko'ina a daji kyauta? Ɗaliba ce ni a Perth, mu huɗu ne, kuɗinmu kaɗan.

Amsa: 'Yar'uwa, kyautar gaskiya ce, “ko'ina” ɗin ne ƙarya. Dajin da kike gani kamar ba na kowa ba, yana da masu shi. Wani na makiyaya ne masu manyan gandayen shanu, wani na 'yan asalin ƙasar ne, Aborijin, kuma wasu hanyoyinsu, kamar Great Central Road, sai da takardar izini. Ko a gandun dajin Uluru, shahararren dutsen nan na tsakiyar ƙasar, ba a kwana, sai a fita zuwa garin Yulara a biya.

Inda ake kwana kyauta su ne wuraren hutawa na bakin titi, galibi kwana ɗaya tak, da filayen da wasu ƙananan hukumomi suka ware. Da yawansu ba sa karɓar mota sai mai banɗakinta da tankin tara ruwan wanke-wanke. Manhajar WikiCamps na nuna su, amma ku sauke taswirar tun kuna gari. Kada ku tare wurin da aka keɓe wa manyan motoci. Direban da ya jawo tirela uku a jere, tsawon mita 53, ba shi da wani wurin juyawa.

Ku lissafa ruwan alwala cikin ruwan tafiya, in ya yi ƙaranci taimama na nan. In kun kai arewa, kada wadda ta tsuguna a bakin kogi da buta. Kadojin can ba irin na tatsuniya ba ne, shi ya sa hukuma ke cewa a kafa tanti aƙalla mita 50 daga ruwa. Ba ku ne Musulmin farko a wannan daji ba ma: masu raƙuma daga Afganistan da yankin Indiya sun ratsa shi tun shekarun 1860, har suka gina masallaci a Marree. In za ku tsallaka iyakar jiha ta hanyar Nullarbor, faffaɗan filin da ke kudu, ku cinye kayan marmari da ganyayenku kafin shingen bincike, don ƙwacewa ake yi.

Tambaya: Kuɗina na abu ɗaya ne. In sayi farantin sola da firji, ko wayar tauraron ɗan'adam?

Amsa: Ko ɗaya. Sayi na'urar neman agaji da ake kira PLB, ka yi mata rajista a AMSA, hukumar da ke kula da aikin ceto. Ba ta da kuɗin wata, danna ta kawai za ka yi masu ceto su san inda kake. Layin wayar Telstra ya fi sauran nisa, amma shi ma ɗaukewa yake. Canjin da ya rage ka zuba shi a jarkokin ruwa da safayar taya ta biyu. Ka tsaya kafin magariba, lokacin da kangaru da shanu ke hawa titi. In mota ta lalace, zauna a inuwarta ka jira, jirgin masu nema ya fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.