Ta Ina Zan Fara Neman Abokan Karatuna?

Tambaya: Shekara goma ke nan da muka gama jami'a. Ina so in san inda kowa yake, wa ya yi aure, wa ya samu aiki. Ta ina zan fara? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, ki fara da jerin sunayen da ke littafin bikin yaye ku, kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Ki raba aikin, kowa ya ɗauki suna goma. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsofaffin lambobi: kamfanonin waya sukan ba wani layin da aka daɗe ba a amfani da shi. Don haka a kira a ji murya kafin a saka mutum a rukunin WhatsApp. Wadda ta sauya suna bayan aure, a neme ta a Facebook ta hannun ƙawayenta.

Sai ki tura tambayoyi huɗu kacal ta Google Forms: gari, aiki, iyali, da abin da mutum ya yarda a sanar. Ta iyali ta zama ganin dama, domin akwai wadda aurenta ya mutu, akwai mai jiran haihuwa. Hoton biki ko na yara sai da izinin mai shi. Labarin rasuwa kuwa, kada a watsa sai dangi sun tabbatar.