Amsar tambayarki kan ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya a Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Ya aiki, ya su Inna? Na ji an zaɓe ki a reshenku na ƙungiyar ma'aikatan jinya, Allah ya taya ki riƙo. Kin ce in faɗa miki yadda shugabannin shiyya suke tafiyar da mambobi a nan, da kuma ko mu baƙi muna shiga harkar ko muna kallo ne daga nesa. Na bari sai yau da na sauka daga aikin dare don in ba ki amsa a natse.

Ƙungiyar da nake ciki sunanta Royal College of Nursing, RCN a taƙaice. An kafa ta a 1916, mambobinta sun haura rabin miliyan. A nan babu mai sa ki a ƙungiya don kawai kin kama aiki. Ke za ki cika fom, kuɗin wata kuma daga asusunki na banki yake fita da izininki. In kin ga dama ki koma Unison ko Unite, ungozomomi ma suna da tasu daban. Wannan kaɗai ya isa ya hana shugabanni barci, don mamba tana iya tsayar da kuɗinta gobe da safe.

An raba Ingila shiyya tara, sannan Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da hukumarta. Mu mutanen Manchester da Liverpool muna shiyyar Arewa maso Yamma. Mambobi ne ke zaɓen 'yan hukumar shiyya, shi kuwa daraktan shiyya ma'aikaci ne da ƙungiya ke biya. A ƙasa akwai rassa, sai wakilan da ke cikin asibiti, nas ne kamar ni da ke, da yunifom ɗinsu da aikin darensu. In aka kira ki gaban kwamitin ladabtarwa, wakiliyar ce ke zama kusa da ke. Yawancinmu ba mu san fuskar daraktan ba, amma kowa ya san lambar wayar wakiliyarsa.

Batun yajin aiki shi ne inda za ki ga bambancin da gaske. A gida mun saba a ba gwamnati wa'adi, shugabanni su zauna, takarda ta fito, a rufe. A nan shugaba ba ya da ikon cewa a tafi. A lokacin da muka yi namu, sai an aika wa kowace mamba takardar ƙuri'a har gida ta gidan waya, ta yi alama, ta mayar. Dokar 2016 da ke aiki a lokacin kuma ta ce sai aƙalla rabin waɗanda aka aika wa sun mayar, in ba haka ba ƙuri'ar ta faɗi ko da duk waɗanda suka jefa sun ce e.

A watan Oktoba na 2022 aka aiko mana. Tawa ta kwana huɗu a kan teburi ƙarƙashin takardar kuɗin gas, ba don ba na so ba, gajiya ce. Wakiliyarmu, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ta same ni ƙarfe uku na dare a ɗakin shan shayi. Ba ta yi mini lacca ba. Ta buɗe ɗan littafinta mai sunayenmu, ta ce, “Kin jefa?” Na ce tukuna. Ta ce akwai jan akwatin gidan waya a bakin ƙofar asibiti, in zo da ambulan ɗin gobe, ita za ta raka ni. Ta kuwa raka ni. Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, na safe da na dare, har ta gano mutane da dama da takardarsu ta tafi tsohon gidan da suka tashi. Wannan matsalar ta fi kama mu baƙi, don a shekarun farko sauya gidan haya muke ta yi, ba ma tuna mu gyara adireshi a wurin ƙungiya.

A wancan karon asibiti-asibiti aka ƙirga. Inda wakilai suka yi irin wannan bin aka haye rabi, wurare da yawa kuwa ba su kai ba, sai ki ga asibitoci biyu a gari ɗaya, wannan yana yajin aiki, wancan yana aiki. Ranar 15 ga Disamba muka fito, karo na farko a tarihin ƙungiyar a Ingila. Sanyi kamar ya tsaga yatsu. Motoci na wucewa suna yi mana oda, wani tsoho ya kawo mana shayi a fulas. Ba a bar majinyata haka nan ba, an ci gaba da wankin ƙoda da maganin ciwon daji da kula da waɗanda ke sashen rai kwakwai mutu kwakwai, bisa yarjejeniya da ƙungiya.

A Maris na 2023 gwamnati ta kawo tayin ƙarin kashi 5 cikin 100 da wani kuɗi dunƙule. Shugabanni, har da babbar sakatariya ta lokacin Pat Cullen, suka ce a karɓa. A watan Afrilu mambobi suka ƙi, kashi 54 a kan 46. Amma da aka sake ƙuri'ar yajin aiki a watan Yuni, an haɗa Ingila gaba ɗaya a ƙirga ɗaya, kashi 43 ne kawai suka mayar. Sama da mutum dubu 100 sun ce a ci gaba, duk da haka magana ta mutu. Abin ya yi mini ciwo sosai, don na san a cikin waɗanda ba su jefa ba akwai 'yan'uwanmu.

Dalilin namu tsoro ne. Yawancinmu asibiti ne ya ɗauki nauyin bizarmu, sai mutum ya ce wanda ya kawo ka ba ka ja da shi, ga iyaye a gida suna jiran aike. Na fahimci wannan, ni ma na kwana da shi. Amma yajin aikin da aka bi doka aka kira ba ya taɓa bizar kowa. Takardun ofishin shiyya sun faɗi haka, ba su shiga kunnen mutanenmu ba sai da muka riƙa maimaitawa da Hausa a wurin suna da shan ruwan azumi. Ina ganin laifin shiyya a nan: baƙi sun cika ɗakunan jinya, amma kaɗan ne a cikin wakilai. Namu laifin kuma ba ma tsayawa takara. Shi ya sa bana na ba da sunana a koya mini aikin wakilci.

Ke kuma da kika hau yanzu, ki samo littafi ki rubuta sunan kowace nas da ke reshenki da lambarta, musamman na asibitocin ƙauye da ba sa samun zuwa taro. Ki gaya mini nawa kika samu. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.